Hattara da Mujallar da Ba Ta Karanta Hujja

A kasuwar Sandaga ta Duwala da lungunan New Bell akwai gidajen Hausawa da Fulani waɗanda shekaru talatin baya ba su da ɗa ko ɗaya a jami'a. Yau a cikinsu akwai mai digiri na biyu, akwai mai koyarwa, akwai wanda ke shirin kare kundin doktora a Duwala ko Yawunde ko Ngaundere ko Marwa. Ribar albasar arewa ce ta yi wannan aiki, da ta goro, da ta yadi, da ta shanu, da adashin iyaye mata. Da waɗannan gidaje nake magana, da 'ya'yansu da suka zaɓi lissafi, domin akwai wata annoba da ke bin masu wannan ilimi a duniya baki ɗaya, kuma ta fi samun sa'a a kan irinmu, sababbin shiga waɗanda ba su da mai ja-gora a gida.

Ga yadda take shigowa. Yaro zai zo da fara'a ya durƙusa ya ce, "Baba, wata mujalla ta ƙasar waje ta karɓi maƙalata, amma sun ce sai an biya jaka ɗari biyu ta sefa kafin ƙarshen mako." Alhaji bai san mece ce mujallar lissafi ba, amma ya san ɗansa ba maƙaryaci ba ne, ga kuma takarda da Turanci har da tambari. Sai ya sa albarka, ya ƙirga kuɗi. Sau da yawa shi kansa yaron bai san an cuce shi ba. Abin da suka biya wa kuɗi shafi ne kawai a intanet, a hannun mutanen da ba su karanta layi ɗaya na aikin ba, kuma tabon zai bi sunan yaron har tsufansa.

Ba za a gane girman ɓarnar ba sai an san aikin mujallar tsantsar lissafi. Tsantsar lissafi shi ne binciken lambobi da siffofi da tsare-tsare don kansu, ba tare da jiran ranar da za su yi amfani ba: nazarin lambobi, aljabara, jometiri da danginsu. Mai wannan fanni ba shi da ɗakin gwaji, ba shi da gona ko asibitin da zai nuna sakamako. Abin da ya mallaka kawai hujja ce, wato jerin matakai na hankali da ke tashi daga abin da aka riga aka tabbatar har su kai ga sabon hukunci. Mataki ɗaya ya karye, duk abin da aka ɗora a kansa ya rushe, ko da shafi ɗari ne. Saboda haka mujalla ta gaskiya aiki ɗaya gare ta: edita ya miƙa maƙala ga masanan da suka ƙware a wannan lungu na ilimi, su bi ta layi-layi, su tabbatar hujjar ta tsaya, sabuwa ce, kuma ta cancanci lokacin mai karatu. Galibi ba a biyansu ko sisi, sunayensu kuma a ɓoye suke. Aikin yakan ci watanni, shekara guda ba abin mamaki ba ce. Sunan mujalla a saman maƙala shaida ce cewa wani ya sha wannan wahala.

A watan Yunin 1993 Andrew Wiles ya tsaya a Kambirij ta Ingila ya sanar cewa ya warware matsalar Fermat, wadda ta gagari masana fiye da shekaru 350. Jaridun duniya suka ɗauka. Da aka raba rubutun ga masu tantancewa, ɗaya daga cikinsu, Nick Katz, ya yi ta aika masa tambayoyi har ya isa wani mataki da ya ƙi tsayawa. Wiles babban malami ne a Jami'ar Princeton, duniya ta riga ta yi masa tafi, amma ba a buga ba. Ya koma ya shafe kusan shekara yana fama, daga baya tsohon ɗalibinsa Richard Taylor ya kama masa, sai a Satumbar 1994 ya toshe gurbin, sannan Annals of Mathematics ta buga aikin a 1995. Thomas Hales kuwa ya sanar da hujjarsa kan matsalar Kepler a 1998, masana goma sha biyu suka shafe kimanin shekaru huɗu a kanta, wannan mujallar ba ta fitar da ita ba sai 2005. Haka ake yi wa manya.

Yanzu a saurari wannan. A watan Agustan 2012 wata mujalla mai suna Advances in Pure Mathematics, ta kamfanin Scientific Research Publishing, ta samu maƙala daga wata Farfesa Marcie Rathke. Cikin kwana goma aka ba ta amsa cewa an amince, ta yi 'yan gyare-gyare ta biya dalar Amurka 500. Babu wata Marcie Rathke a duniya, jami'ar da aka ce a can take koyarwa ita ma babu ita. Maƙalar kuwa wata manhajar kwamfuta ce mai suna Mathgen ta harhaɗa, wadda masanin lissafi Nate Eldredge ya rubuta don ta riƙa jera kalmomin lissafi barkatai. Babu hukunci ɗaya mai ma'ana a cikinta, duk wanda ya yi karatun fannin ya duba shafin farko zai gane shirme ne. Dala 500 a canjin yanzu ta doshi jaka ɗari uku ta sefa. A kuma lura da sunan: akwai tsohuwar mujalla mai daraja, Advances in Mathematics, da aka kafa a 1961, kalma ɗaya ce ta raba su. Ɗalibin da ke gaggawa, ko kwamitin da ke duba takardun mutane masu yawa a zama ɗaya, ba lallai su lura ba.

Kada wani ya ɗauka abin ya tsaya a kan mujalla ɗaya. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya aika maƙalar ƙarya, mai cike da kurakuran da ya dasa da gangan, zuwa mujallu 304, sai 157 suka karɓa. A 2015 masu bincike biyu a Finlan, Cenyu Shen da Bo-Christer Björk, suka ƙiyasta cewa maƙalun da ke fitowa a irin waɗannan mujallu sun tashi daga kimanin 53,000 a 2010 zuwa kimanin 420,000 a 2014, kuma kusan ɗaya cikin kowane shida na marubutan daga Afirka yake, Najeriya na gaba-gaba. A 2019 wata kotun tarayya a Amurka ta yanke wa kamfanin OMICS na Indiya hukuncin biyan fiye da dala miliyan 50 saboda yaudarar marubuta. Cutar ba ta bar manyan gidaje ba. Kamfanin Wiley ya sayi Hindawi, mai asali daga Alƙahira, a 2021, kuma a shekarar 2023 kaɗai sai da aka janye maƙalu fiye da 8,000 daga mujallunsa, saboda masana'antun ƙera maƙalun bogi sun cika su da kaya. Waɗannan masana'antu har gurbin suna suke sayarwa: biya kaza ka zama marubuci na biyu a aikin da ba ka taɓa gani ba. Tun ƙarshen 2022 kuma, da manhajoji irin su ChatGPT suka shiga hannun kowa, ƙera rubutu mai kama da lissafi ya zama aikin minti kaɗan. Shirmen Mathgen ana gane shi da kallo ɗaya, na yanzu sai an zauna an karanta.

Annobar tana da fuska ta biyu, kuma ita ce ta fi ruɗar masu ilimi, domin da alƙaluma take zuwa. Akwai abin da ake kira ma'aunin tasiri, wanda kamfanin Clarivate ke fitarwa kowace shekara. Ana ƙirga sau nawa aka ambaci maƙalun da mujalla ta buga a shekaru biyun da suka gabata, a raba da yawan maƙalun. Wannan awo bai dace da lissafi ba tun asali, domin hujja mai zurfi takan ɗauki shekaru kafin mutane su fahimce ta, balle su yi gini a kanta. Rahoton da Ƙungiyar Masana Lissafi ta Duniya ta fitar tare da wasu ƙungiyoyi biyu a 2008 ya nuna cewa kimanin kashi 90 cikin ɗari na ambaton da mujallun lissafi ke samu yana zuwa ne a wajen waɗannan shekaru biyu. Ga shi kuma masana lissafi ba su da yawan ambato kamar likitoci, don haka mutum goma da suka haɗa baki suna ambaton juna za su iya ɗaga mujalla ko jami'a sama da kowa.

An yi hakan, ba sau ɗaya ba. Douglas Arnold da Kristine Fowler sun nuna a 2011 yadda wata mujalla, International Journal of Nonlinear Sciences and Numerical Simulation, ta samu maki 8.91 a 2008, ta ninka Communications on Pure and Applied Mathematics fiye da sau biyu, alhali duk wanda ya san fannin ya san wadda ta fi. Da suka bi sawu sai suka tarar mafi yawan ambaton ya fito ne daga babban editan, da abokan aikinsa, da wallafe-wallafen da suke da hannu a ciki. Editan Chaos, Solitons & Fractals, Mohamed El Naschie, ya buga maƙalunsa fiye da 300 a mujallar da yake shugabanta kafin ya sauka. Abin ya ci gaba da ruɓewa har a 2023 Clarivate da kanta ta cire fannin lissafi ɗungurungum daga jerin masanan da aka fi ambata a duniya. Binciken Domingo Docampo na Jami'ar Vigo ta Sifen ya nuna yadda wasu jami'o'in da ba a san su da lissafi ba suka sha gaban Princeton da ire-irenta a yawan maƙalu masu tarin ambato, kuma wata jami'ar likitanci ta Taiwan ce ta zo kan gaba. Idan mai awon ya taɓa ajiye ma'auninsa saboda an lalata shi, mu me ya sa muke ci gaba da rantsuwa da shi?

Kowane ɗan kasuwar Sandaga ya san cewa bakin buhun albasa ba ya faɗin gaskiyar gindinsa. Mai saye da ya san hannunsa yakan sa a zazzage buhu ɗaya ko biyu a ƙasa, ya matsa, ya shinshina, kafin ya yi ciniki, domin ruɓaɓɓiya ɗaya a tsakiya tana iya cinye sauran kafin kaya su isa Libarbil. To, a jami'o'inmu da yawa ƙidayar buhuna ake yi, ba a zazzagewa. A nan tushen matsalar yake, kuma laifin bai tsaya a kan yara ba.

A Kamaru malamin jami'a ba ya hawa daga mataki zuwa mataki sai kwamitin CCIU ya duba takardunsa, kuma maƙalu na cikin manyan abubuwan da ake nema. Ƙasashen da ke bin tsarin CAMES, majalisar kula da ilimin jami'a ta Afirka da Madagaska da aka kafa a Yamai a 1968, haka suke yi, jami'o'in Najeriya ma haka. A wurare da yawa ɗalibin doktora ba zai kare kundinsa ba sai ya nuna maƙala da ta fito. Neman maƙala ba laifi ba ne, da ita ake gane mai bincike. Laifin yana farawa ne ranar da adadi ya zama shi ne alƙali. Ka ɗauki malamin da ke koyar da aji mai ɗalibai ɗaruruwa, yana gyaran takardun jarrabawa har dare, ba laburare mai sababbin littattafai, ba kuɗin zuwa taro, albashi bai kai ƙarshen wata ba, sannan a ce masa ƙarin girma sai maƙala kaza. A daidai wannan lokaci saƙo ke faɗowa a akwatin imel ɗinsa, ana kiransa babban masani, ana yi masa alkawarin bugu cikin mako biyu. Na fahimci abin da ke jan sa. Amma fahimta ba ta mayar da ha'inci halal, kuma wanda ya fi shi laifi shi ne farfesan da ya san gaskiya, ya tura ɗalibinsa can, ya kuma sa a rubuta sunansa a kan maƙalar da bai karanta ba.

Alhaji na iya cewa, to ni me ya shafe ni, tunda yaro ya samu digirinsa? Ya shafe ka ta fuskoki da yawa, ranka ya daɗe. Na farko, wayar da ke aljihunka. Saƙon da kake aika wa abokin cinikinka na Garwa ta WhatsApp yana kulle ne da lissafin wasu lanƙwasassun layuka da masana suka yi fiye da ƙarni suna nazari don kansu, kafin Neal Koblitz da Victor Miller su nuna a 1985 cewa za a iya kulle sirri da su. Irin waɗannan layuka ne Wiles ya yi aiki da su. Katin banki da cinikin intanet duk a kan nazarin lambobi suke tsaye. Sun tsaya ne domin an tantance hujjojin da ke ƙarƙashinsu. Al'ummar da masana lissafinta suka saba da hujjar da ba a duba ba, har abada mai sayen wannan fasaha za ta kasance, ba za ta ƙera ba.

Sannan shi yaron. Duniyar lissafi ƙarama ce, mutanenta sun san juna, sun kuma san mujallu. Ranar da zai nemi gurbi a cibiyar ICTP ta Trieste, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964 domin masana daga ƙasashe irin namu, ko ya nemi tallafin zuwa Faransa ko Jamus ko Afirka ta Kudu, mai duba takardarsa zai fara da jerin maƙalunsa. Matashin da ya zo da maƙala ɗaya a mujalla mai mutunci ya fi wanda ya zo da ashirin a mujallun bogi, har ma wanda bai buga komai ba ya fi shi, domin wannan ana iya cewa bai fara ba, wancan kuwa ya nuna ko dai bai san bambanci ba ko bai damu ba. Ba wanda zai rubuto masa ya faɗa masa dalili. Zai dai ga ana ta ƙin ɗaukarsa. Abin da ya fi ciwo, wani lokaci aikin nasa mai kyau ne. Ya sha wahala ya samo sakamako na gaske, ya kai shi inda babu mai karantawa, kuma mujalla ta gaskiya ba za ta karɓi abin da aka riga aka buga ba. Ya binne guminsa da kuɗin mahaifinsa.

Ɓarnar da ta fi tsorata ni ita ce mai gado. Malamin da ya hau da maƙalun bogi gobe shi ne shugaban sashe, shi ne mai duba kundin wasu, shi ne zai zauna a kwamitin ƙarin girma. Ba zai iya koya wa ɗalibi yadda ake gina hujja ba, domin ba a taɓa mayar masa da tasa an ce gyara ba. Ba zai so a tsaurara doka ba, domin shi za ta fara kamawa. Ɗalibansa su ne za su koyar a makarantun horar da malamai, su kuma waɗannan su shiga azuzuwan sakandaren New Bell da Marwa da Kano. Cikin shekaru ashirin sai a wayi gari da sashen lissafi cike da farfesoshi, babu mai iya karanta shafi goma na Annals.

Mu kuwa ba baƙi ba ne a wannan ilimi da za a ce mu karɓi duk abin da aka miƙo mana. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashnawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 inda ya bayyana hanyoyin gina hatimin lambobi, wanda kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya, kuma masana tarihin lissafi na ambatonsa har yau. Iya Abubakar, ɗan Belel ta Adamawa dab da iyakar Kamaru, ya yi doktoransa a Kambirij, ya jagoranci sashen lissafi na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya zama shugaban jami'ar daga 1975 zuwa 1978. A nan Kamaru akwai Henri Hogbe Nlend, wanda ya koyar a Bordo ta Faransa, ya rubuta littattafan da masana fanninsa ke komawa gare su, ya riƙe ma'aikatar binciken kimiyya daga 1997. Shi ne shugaban farko na Ƙungiyar Masana Lissafi ta Afirka da aka kafa a Rabat a 1976, kuma a zamaninsa ƙungiyar ta fara fitar da mujallarta, Afrika Matematika, a 1978. Manufar ita ce ɗan Afirka ya samu gidan da za a tantance aikinsa da gaske, a kuma kai shi idon duniya. Mujallar ta sha wuya, amma ta rayu, kuma tun 2011 kamfanin Springer ke buga ta. Tana karɓar tsantsar lissafi da wanda ake aiki da shi. Akwai Quaestiones Mathematicae ta Afirka ta Kudu, akwai mujallar Ƙungiyar Masana Lissafi ta Najeriya. Ina jaddada wannan ne domin kada gargaɗina ya zama raina na gida. Mujallar Afirka da ke karanta hujja ta fi dubu masu adireshin Landan ko Niyok da ba sa karantawa. Jerin da Jeffrey Beall, wani ma'aikacin laburare a Amurka, ya riƙa fitarwa na mujallun damfara har zuwa 2017 ya taimaka ƙwarai, amma an zarge shi da saurin tuhumar mujallun ƙasashe masu tasowa. Zama a Afirka ko Asiya ba shi ne alamar bogi ba, rashin tantancewa ne.

Na san abin da matasa ke cewa: manyan mujallu ba sa kula mu, sai kana da suna ko ubangida. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin wanda ke zaune kusa da manyan masana ya fi sanin tambayar da duniya ke jira a amsa. Amma a 2013 Yitang Zhang, malamin da kusan ba wanda ya san shi a Jami'ar New Hampshire, wanda ya taɓa yin aiki a shagon sayar da abinci bayan ya gama doktora, ya aika wa Annals of Mathematics maƙala kan tazarar da ke tsakanin lambobin da ba sa rabuwa. Masu tantancewa suka karanta, suka ga hujjar ta tsaya, aka karɓa. Kuma ba a ce kowa sai ya shiga Annals ba. Tsakaninta da mujallun damfara akwai ɗaruruwan mujallu masu mutunci, kowace da fanninta da matakinta. Zancen cewa sai da kuɗi ake bugawa shi ma ba haka yake ba a tsantsar lissafi. Mafi yawan mujallun kirki na wannan fanni ba sa tilasta wa marubuci biyan komai. Ga masu Faransanci, Comptes Rendus Mathématique ta Cibiyar Kimiyya ta Faransa kyauta ce ga marubuci da mai karatu tun 2020, haka Annales de l'Institut Fourier. Wanda ke tsoron a sace masa aiki kafin a gama tantancewa ya ajiye shi a arXiv, ma'ajiyar da ke aiki tun 1991 ba tare da karɓar kuɗi ba. A can Grigori Perelman ya ajiye hujjarsa kan matsalar Poincaré a 2002 da 2003.

Don haka, ƙanena mai shirin aika maƙala, kafin ka danna komai ka buɗe zbMATH Open, rumbun da ke bibiyar mujallu da maƙalun lissafi, kyauta ne tun 2021, ka ga ko yana bin mujallar har zuwa yanzu, in kana da hanyar takwaransa MathSciNet ka duba nan ma. Ka karanta sunayen editoci, ka je shafin jami'ar ɗaya daga cikinsu ka ga ko ya san an sa shi, domin ana satar sunayen masana, har da na matattu. Ka tabbatar shafin na ainihin mujallar ne, saboda akwai masu kwaikwayon shafin mujalla ta gaskiya su karɓi kuɗi da sunanta. Ka buɗe fitowarta ta ƙarshe ka karanta maƙala biyu a fanninka da idon mai neman kuskure. Mujallar da ke haɗa aljabara da kiwon kaji da aikin jinya a fitowa ɗaya ba ta da editan da ya san ko ɗaya daga ciki. Wadda ta yi maka alkawarin amsa cikin kwana bakwai ta riga ta gaya maka ba za ta karanta ba. Tambaya mafi sauƙi ita ce: a cikin maƙalun da ka dogara da su wajen aikinka, akwai wadda ta fito a wannan mujalla? In babu, me kake nema a can? Idan kuma ka riga ka faɗa, kada ka ɓoye wa malaminka. Ka rubuta musu ka nemi a janye, ka cire ta daga jerin ayyukanka, ka fara sabon aiki. Ranar da mujalla ta gaskiya ta mayar maka da maƙala da shafi uku na gyara, ka zauna ka bi su ɗaya bayan ɗaya, domin wani masani ne ya ba ka kwanakinsa kyauta.

Alhaji da Hajiya, ba sai kun iya aljabara ba. Idan aka zo neman kuɗin bugu, ku tambaya: wata nawa suka riƙe aikin kafin su amsa? Wane gyara suka ce a yi, a nuna muku takardar? Malamin da ke duba shi ya sani, ya kuma yarda? Kuɗin asusun kamfani za su shiga ko lambar wayar wani mutum? In amsar ita ce mako ɗaya, babu gyara, a biya yau, ku riƙe kuɗinku. Jaka ɗari biyun nan za ta fi amfani in ta zama kuɗin mota da masauki zuwa ɗaya daga makarantun bincike da cibiyar lissafi ta CIMPA ke shiryawa a ƙasashen Afirka, ko zuwa cibiyar AIMS ta Limbe, wadda aka buɗe a 2013 kuma ba ta da nisa da Duwala, inda zai zauna da masanan da za su duba aikinsa ido da ido. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da kwamitocin masallatan New Bell da ke tallafa wa ɗalibai su ma su sa wannan sharaɗi kafin su fitar da kuɗi.

Shugabannin sassa da 'yan kwamitin ƙarin girma, gyaran gaske yana hannunku. Ku daina neman adadi. Ku ce wa mai neman girma ya zaɓo maƙalu uku da ya fi alfahari da su, ku ba wanda ya san fannin ya karanta su daga farko har ƙarshe ya rubuto ra'ayinsa, ko da sai an nemo shi daga Dakar ko Zariya ko Tunis. Ku fitar da jerin mujallun da sashe ya amince da su, ku manna a ƙofa, ku riƙa sabunta shi kowace shekara, domin mujalla mai kyau ma tana iya lalacewa in ta canja hannu. Ranar kare kundi ku sa ɗalibi ya tashi gaban allo ya gina babbar hujjarsa da alli, mataki-mataki, malamin da ya sa sunansa a kan maƙalar shi ma a yi masa tambaya a kanta.